Ɗan Sarkawa A Tsakiyar Teku: Abin Da Na Gani A Fitata Ta Farko



Da yawanmu mun shekara goma ko ashirin a garin nan, wasu ma a nan aka yanke musu cibiya, amma idan aka yi maganar teku, iyakar saninmu ruwan da muke hangowa daga kan gadar Third Mainland, wanda shi ma lagun ne, bai kai ga zama teku ba. Daga Agege zuwa Mile 12, daga Idi-Araba zuwa Obalende, mun juya wa ruwa baya muna neman abinci, alhali kusan duk kayan da muke saye da sayarwa ta kansa suke shigowa. A watan Nuwamba da ya wuce Allah Ya nufe ni da shiga tekun nan har inda ba a ganin ƙasa, don haka na ce bari in ba ku labari, tunda gani ya kori ji.

Ni mutumin Yawuri ne, gidanmu gidan Sarkawa. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, a kogin Kwara ya yi rayuwarsa, kuma da idonsa ya ga yadda tafkin Kainji ya cika bayan an gama madatsar a 1968, ruwa ya shanye tsofaffin garuruwa. Tun ban kai shekara goma ba na iya tuƙa kwale-kwale, na san yadda ake jefa birgi, na san bambancin jan tarwaɗa da jan ƙarfasa a hannu. Yanzu shekarata goma sha tara a Apapa ina aikin fiton kaya. Cikin waɗanda nake yi wa aiki akwai wani dattijo ɗan Labanan, haifaffen Kano, wanda Hausa a bakinsa ta fi ta wasunmu. Duk shekara idan damina ta ɗauke, shi da abokansa sukan yi hayar jirgi su fita su na nishaɗi. Tunda ya ji asalina ya raɗa mini Sarkin Ruwa, yana tsokanata wai ga sarki bai taɓa zagaya ƙasarsa ba. Rannan ya kira ni ya ce akwai gurbin mutum ɗaya ranar Asabar. Na ce, "Ranka ya daɗe, an gama."

Ya ce in sha maganin jiri tun da dare, in ƙara da asuba, kada in cika cikina da maiƙo, in zo da hula mai faɗi da riga mai dogon hannu. Duk na yi. Maiɗakina kuma ta ƙulla mini ɗanyar citta a leda, bayan ta gama faɗa mini cewa ita ba ta ga dalilin da mai 'ya'ya biyar zai je neman abin da bai ɓata masa ba.

Muna idar da sallar asuba muka haɗu a wata matsayar jirage da ke gefen Victoria Island. Jirgin bai kai tsawon tirela ba, injinsa biyu, da ɗan ɗaki a ciki mai kujeru da bayi, da rumfar sama inda matuƙi yake zama. Mu biyar ne baƙi, ma'aikata uku. Kyaftin ɗin ɗan ƙabilar Ilaje ne, mutanen gaɓar Ondo da ruwa ya zame musu gona, sai yaransa biyu. Kafin a kwance igiya ya tsayar da mu, ya ba kowa rigar kariya, ya nuna mana inda rediyo yake da abin kashe gobara, ya ce in mutum ya faɗa ruwa, wanda ya gani ya yi ihu kuma kada ya ɗauke idonsa da yatsansa daga kansa har sai an juyo da jirgi. Na karanta addu'ar shiga abin hawa, muka tashi.

Mun bi ta mashigin tashar jirage, Apapa a bayanmu, Tarkwa Bay a hannun dama, dogayen gine-ginen Eko Atlantic a hagu. Mashigin nan katangun duwatsu biyu ne suka tsare shi, waɗanda Turawa suka jera fiye da shekara ɗari da suka wuce don kada yashi ya toshe wa manyan jirage hanya. Su ne kuma suka tare yashin da ke zuwa daga yamma, har teku ta yi ta cin Bar Beach shekara da shekaru. Muddin kana tsakanin katangun, ruwa a kwance yake kamar na gida. Kana fita bakinsu sai labari ya canza. Igiyar teku daban take da ta kogi. Ta kogi gajera ce, tana marin jirgi ta wuce. Wannan kuwa doguwa ce, tana tahowa a hankali kamar tudu, ta ɗaga jirgin gaba ɗaya, ta ajiye shi, kafin hanjinka ya koma mazauninsa wata ta iso. Ba a yi rabin awa ba ɗaya daga cikin abokan tafiyarmu, wani babban ɗan kasuwa da ya fi kowa surutu a jeti, ya kama ƙarfen jirgi ya mayar da duk abin da ya karya da shi. Ɗaya daga cikin yaran ya ce masa ya daina kallon ƙafafunsa, ya kafa ido can inda sama ta haɗu da ruwa. Ni ma na bi shawarar, ina tauna cittata.

Daga nan muka ratsa ta cikin manyan jiragen da ke jiran layin shiga Apapa da Tin Can. Shekaru ina rubuta sunayen irinsu a takarda, ban taɓa tsayawa a gindin ɗaya ba sai ranar. Ka ɗaga kai har hularka ta nemi faɗuwa, bangon ƙarfe ne kawai ya tokare sama. A raina na ce ashe kwantenar da ake ta kirana a waya ana cewa ta makara, a nan take zaune tana shan iska.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne launin ruwa. A bakin gari ruwan ƙasa-ƙasa ne, cike da ledoji da robobi da kainuwa. Da muka yi nisa ya koma kore. Can wajen awa ɗaya da rabi sai ga wani layi a kan ruwa kamar an ja shi da alli, wannan gefe kore, wancan gefe shuɗi irin na baba mai kyau daga marinar Ƙofar Mata. Kyaftin ya kira ni sama ya nuna mini na'urar da ke auna zurfi. Ya ce ƙasan teku a gaban Legas kamar dakali yake, yana gangarawa sannu a hankali har wajen mita 100, daga nan sai ya yanke ya faɗa rami. Ina tsaye lambobin suka yi ta hawa, 200, 500, har suka haura 1,000. A wannan gaɓar ce ruwan ƙasa ke tasowa da abinci, ƙananan kifaye su taru, manya su biyo su. Wato ko a teku kifi gefen gari yake kiwo, kamar yadda muka sani a gida.

A lokacin na waiga ban ga Legas ba. Gine-ginen sun nutse, waya ta daina kamawa tun tuni, ko tsuntsun tudu babu. Kyaftin ya ce mun yi mil 45 na ruwa, kimanin kilomita 83 ke nan. Na tambaye shi me ke gabanmu in muka miƙe kudu, ya yi dariya ya ce ruwa, sai ruwa, har ka kusa ƙasar ƙanƙara ta ƙarshen duniya. Jama'a, na san ruwa tun ina yaro, amma duk ruwan da na sani yana da ƙetare. Ko a tsakiyar Kainji ka san in jirgi ya kife akwai gaɓar da za ka nufa. A nan iya iyo ba shi da wani amfani sai na jinkirta abin da zai faru. Ban ji kunyar ƙara ɗaure igiyar rigar kariyata ba. Na tambayi kyaftin batun 'yan fashin teku, domin duk wanda ke aiki a Apapa ya san yadda mashigin tekun Gini ya yi ƙaurin suna. Ya ce abin ya lafa sosai tun wajen 2021 da aka ƙara sintiri, amma duk da haka shi ba ya kwana a waje, kuma ba ya barin jirgin da bai sani ba ya matso shi.

Yadda suke su ya bambanta da namu. Babu taru, babu birgi. Fatsa shida suka kafa a bayan jirgi, kowace da keken naɗe zare mai girman ƙwarya, da birkin da ake saitawa yadda kifi zai iya jan zare ba tare da ya tsinka ba. Akwai dogayen sanduna biyu da suka buɗe a gefe da gefe kamar fukafukai don kada zaruruwan su harɗe. A bakin wasu ƙugiyoyin an ɗaura kifin roba mai gashi kala-kala, a wasu kuma ƙaramin kifi na gaske da aka ɗinke bakinsa don ya riƙa iyo kamar mai rai. Sai jirgi ya rage gudu ya koma kamar tafiyar keke, yana jan su a baya. Sauran aiki na ido ne: ana duba inda tsuntsayen teku ke faɗawa ruwa, da inda wani gungume ko tarkace ke yawo, don kifi na son inuwa. Mun yi awa biyu ba ko motsi, sai kifaye masu fiffike da ke tashi a gabanmu suna tafiya a iska kamar fara.

Wani tsohon katako da ke yawo shi ya buɗe mana kasuwa. Muna giftawa fatsa biyu suka yi ƙara lokaci ɗaya. Dorado ne, kifi mai faɗin goshi, jikinsa kore da ruwan zinariya da ɗigon shuɗi, ban taɓa ganin halitta mai kyan launi irinsa a ruwa ba. Abin mamaki, ana fito da shi ba a jima ba launin ya dushe ya koma toka-toka muna kallo. Mun kama guda huɗu a wurin. Bayan azahar kuma aka samu tuna mai rawayar ƙaya guda biyu. Wannan kifi ƙasa yake nutsawa da zare, ya yi ta zagaye, sai ka ji kamar buhun siminti kake jawowa daga rijiya. Ana fito da shi yaran suka zubar da jininsa suka binne shi a ƙanƙara, suka ce jikinsa na da ɗumi, in aka bar shi a rana naman lalacewa yake. Da aka yanka, ja wur kamar naman sa.

Sallar azahar a zaune na yi ta, don tsayuwa ba ta yiwuwa. Kyaftin, wanda ba Musulmi ba ne, da kansa ya duba kamfas ya daidaita mini hancin jirgi wajen digiri 63, ya riƙe shi a haka har na sallame. Allah Ya saka masa da alheri.

Tsakanin dorado da tuna ne muka gamu da waɗanda har yau suke raina. Wani dogon kwale-kwalen katako ne mai injin rataye, an yi masa fenti da tutoci irin na masuntan Gana, mutum bakwai a ciki. Suka ɗaga jarka suna kaɗawa. Kyaftin ya dube su da kyau kafin ya yarda ya matsa. Kwanansu uku a ruwa, ruwan shansu ya kusa ƙarewa. Babu rumfa, babu rigar kariya ko ɗaya, fatarsu ta yi fari da gishiri. Muka miƙa musu ruwa da burodi, suka yi godiya, suka nufi inda za su. Na bi su da kallo har suka ɓace, don mahaifina na gani a cikinsu. Mu mun ƙona man da ya fi abin da za su samu a wannan fitar don mu ji daɗi, su kuwa sun sa rai a hannu don a ɗora tukunya a gida.

Wajen ƙarfe uku fatsar hagu ta yi wata ƙara da ba irin ta ɗazu ba, zare na fita kamar ana yage sabon yadi. Dattijon ya daka tsawa, "Sarkin Ruwa, naka ne!" Aka ɗaura mini ɗamara mai kofi a mara inda gindin sanda ke zama, aka miƙo mini. Can baya, nisan filin ƙwallo, wani abu ya tashi sama gaba ɗayansa, ya tsaya a kan wutsiya yana girgiza kai. Dogon baki gare shi kamar takobi, a bayansa kuma wata ƙaya mai faɗi ta buɗe kamar tuta. Masu jirgin na ce masa seilfish, ni dai Mai-tuta na sa masa. Yaron da ke gefena yana ta faɗa mini: in ya ja, bar shi ya ja, in ya tsaya, ɗaga sanda a hankali, sauke ta kana naɗewa, kada ka bar zare ya yi sako-sako. Ashe abin da mahaifina ke faɗa ne a kan giwan ruwa, cewa ba a kokawa da babban kifi, gajiyar da shi ake yi. Sau biyar yana tashi sama. Sau biyu ina kawo shi kusa yana ganin jirgi ya koma da duk zaren da na tara. Hannuwana suka mutu, bayana ya riƙe, gumi da ruwan gishiri suka cika mini ido. Bayan minti talatin da biyar ya kwanta a gefen jirgi, ya fi ni tsawo, kyaftin ya ƙiyasta shi kilo 30.

Ina jiran a kawo babbar ƙugiya a ɗago shi, sai na ga yaron ya sa safar hannu, ya kama takobin, ya zare ƙugiyar daga gefen bakinsa. Na ce, "Me ke nan?" Aka ce sakinsa za a yi. Na juya wajen dattijon na ce, "Ranka ya daɗe, a garinmu wannan abincin gida uku ne. Ga mutane can mun bari kwana uku suna neman irinsa." Ya ce, "Su in sun kama nasu ne, halal ɗinsu, ba mai cewa uffan. Kai fa, Sarkin Ruwa, yunwa ce ta kawo ka? Ga akwati can cike." Kyaftin ya ƙara da nasa bayanin. Ya ce dorado saurin girma gare shi da yawan haihuwa, shekara ɗaya ya isa ci, don haka ɗibarsa ba ta cika yi wa ruwa illa ba. Masu takobi kuwa ba su da yawa haka, kuma su ne ke kawo masa baƙi. In ya kashe wannan yau, ya sayar da shi sau ɗaya ke nan, in ya bar shi kuwa wataƙila baɗi wani ya sake biyan kuɗin jirgi saboda shi.

Ba jefa shi kawai aka yi ba. Jirgi ya ci gaba da tafiya a hankali, yaron na riƙe da takobin a cikin ruwa don ruwa ya riƙa shiga bakinsa yana numfashi. Ya ce in sa hannu. Na dafa bayansa, na ji shi sumul, da ɗan rawa a ciki kamar injin da ke son tashi. Launinsa da ya yi baƙi ya fara dawowa, ratsin shuɗi ya bayyana a haƙarƙarinsa. Can sai ya buga wutsiya sau ɗaya, yaron ya buɗe hannu, ya nutse a hankali har shuɗin ruwa ya rufe shi.

A hanyar dawowa na yi ta juya maganar. Har yanzu zuciyata ba ta kwanta da a wahalar da dabba don nishaɗi kawai ba, kuma na faɗa wa dattijon haka, sun da ya ƙare a tukunya shi na gada kuma shi na fi ganewa. Amma dokar da suka bi ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ku dubi Argungu. Bikin da aka fara a 1934 bai kai yau ba sai don ana hana taɓa ruwan Matan Fada har ranar da aka buɗe shi. Ba don wannan hani ba, ina za a samu giwan ruwa mai kilo 78 irin wanda ya ci gasar 2020? Ku dubi kuma inda aka saki doka. Ni shaida ne, kifin da ake kawowa kasuwar Yawuri yau ba ya kama ƙafar wanda na gani ina yaro, tun da aka shiga tace ruwa da raga mai ƙananan ido, har da gidan sauro, ana kwashe uwa da 'ya'ya. A teku ma akwai dokar da ta hana manyan jiragen jan raga yin aiki cikin mil 5 daga gaɓa, don a bar wa masu kwale-kwale da ƙananan kifaye wuri. Ƙasar da ke da gaɓar teku ta fiye da kilomita 800, ga Kwara ga Binuwai ga tafkin Chadi, ita ce ke cika cikinta da titus da panla na ƙanƙara daga ƙasashen waje. Abin da na ɗauko daga ranar shi ne, barin iri a ruwa nauyi ne da ya fi hawa kan wanda ya ƙoshi. Mai jarka a kwale-kwale ba za a ce masa ya saki abincin 'ya'yansa ba, amma wanda akwatinsa ya cika ba shi da hujja.

Mun shigo tsakanin katangun duwatsu rana na faɗuwa, fitilun Apapa sun fara kamawa. Aka raba kifi, na samu dorado guda da cinyar tuna. Da na taka jeti sai ƙasa ta riƙa lilo da ni, har a sallar isha'i ina jin tabarma na tashi tana sauka. Maiɗakina ta soya doradon, ta yi farfesun tunar, aka kai wa maƙwabta. Ta ce kifin ya yi daɗi, amma ba ta canza ra'ayi ba.

Washegari na kira baffana a Yawuri, wanda shi ne babba a gidanmu yanzu. Na ba shi labari tun daga launin ruwa har zurfinsa, yana ta salati. Da na zo kan Mai-tuta na yi tsammanin faɗa. Sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, kakanka in ya kama mai ƙwai a farkon damina mayarwa yake yi. Mu ne muka bari." Daga nan ya tambaye ni ko mutanen kwale-kwalen sun isa gida. Na ce ban sani ba, Baffa. Ya ce to a sa su a addu'a.

Kafin in rufe, ga roƙona ga 'yan uwa. Ba kowa zai samu fita irin wannan ba, kuɗinta ba na talaka ba ne, ni ma alfarma aka yi mini. Amma da yawanmu na hawa jiragen haya kullum, zuwa Ikorodu, zuwa Apapa, zuwa ƙauyukan ƙetaren ruwa wajen kasuwanci. Na ga kyaftin da ya shekara talatin a teku bai kunna inji ba sai da kowa ya ɗaure rigarsa. Don Allah in an ba ku rigar kariya ku sa, ku ɗaure ta, in babu ku jira wani jirgin, kuma ku guji tafiyar dare. Masu yara a unguwannin bakin ruwa, a nemi wanda ya iya ya koya musu iyo. Wanda kuma Allah Ya ba shi dama ya shiga teku, ya je ya gani, ya sha maganinsa tun dare, ya bi maganar matuƙi.

Allah Ya tsare mu a tudu da ruwa, Ya mayar da kowane masunci gidansa lafiya, Ya sa albarka a nemanmu. Amin.